Faifan ajiyata ya faɗi da hotunan bikin mutane a ciki, yaya zan yi?

Assalamu alaikum, Malam. Ni mai ɗaukar hoto da bidiyon biki ne a Zariya. Ina da faifan ajiya guda ɗaya mai tera 2, irin estanal ɗin nan da ake jona wa kwamfuta ta USB, kuma duk aikin da na ɗauko nakan kwashe shi daga kwamfutata in zuba a ciki domin in samu wurin yin wani. Makon jiya ina cikin kwafar wani aiki sai yaron shagona ya ja igiyar bisa kuskure, faifan ya faɗo daga kan tebur. Tun daga ranar, idan na jona shi sai ya riƙa wata 'yar ƙara ƙyas-ƙyas. Wani lokaci kwamfuta ta gan shi ta ce sai an yi masa fomat, wani lokaci kuma ba ta ganinsa sam. Aikin shekara uku ne a ciki, har da wani bikin kwanan nan da ban kai wa masu shi ba, alhali sun biya ni kuɗina gaba ɗaya. Wani abokina ya ce in sa shi a firiza ya kwana, wani ya ce in kai kasuwa a buɗe shi a gyara. Me zan yi? Me zan faɗa wa dangin amarya? Sannan wane faifai zan saya wanda ba ya lalacewa?

Mai ɗaukar hoto, Zariya

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu da wannan jarrabawa, Allah Ya kawo mafita. Kafin ka karanta sauran amsar nan, idan faifan yana jone da kwamfuta yanzu, ka zare shi, ka naɗe shi a tsumma mai laushi, ka ajiye shi inda babu wanda zai ɗauka ya ce bari ya gwada sa'arsa. Na san zuciya tana raya wa mutum cewa wataƙila a jonawa ta gaba zai tashi, to amma a halin da faifanka yake ciki, kowace jonawa tana rage abin da za a iya cetowa daga cikinsa.

Dalilin haka yana cikin yadda aka ƙera shi. A cikin wannan ɗan akwati akwai faranti ɗaya ko biyu masu santsi da aka shafe da sinadarin maganaɗisu, kuma a kansu ne ake rubuta hotunanka. Yawancin faya-fayan tafi-da-gidanka suna juya waɗannan faranti sau 5400 a minti ɗaya, wato sau 90 a kowace daƙiƙa, sannan akwai wata 'yar allura a bakin wani hannu da ke kai-komo a samansu tana karantawa tana rubutawa. Wanda ya san garmaho zai gane tsarin, sai dai ita allurar garmaho a kan faifai take tafiya, wannan kuwa shawagi take yi a kan iskar da juyawar farantin ke tayarwa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. To, ka ce faifan ya faɗi ne yana tsakiyar aiki, wato a lokacin da allurar take saman farantin, kuma wannan ita ce faɗuwa mafi muni. Ƙarar da kake ji alama ce ta cewa hannun yana fita neman inda zai fara karatu, ya kasa samu, ya koma ya bugi mazauninsa, ya sake fitowa. Idan allurar ta lanƙwashe, duk fitar da ta yi tana iya kankare fuskar farantin, garin da ta kankaro kuma ya bazu ya ƙara gurje wasu wuraren. Allurar da ta lalace ana iya canza ta, amma wurin da aka kankare babu ƙwararren da zai dawo da abin da ke rubuce a kansa.

Saboda haka shawarar firiza ka bar ta inda ka ji ta. Tsohuwar dabara ce da wasu suka riƙa yi da faya-fayan da, kuma abin da take jawowa a yau shi ne raɓa: da zarar ka fito da faifan daga sanyi ya haɗu da iskar ɗaki, danshi zai kwanta a kan farantin da kuma allon lantarkinsa. Haka nan idan kwamfuta ta ce sai an yi masa fomat, kada ka amsa mata, domin ita ta kasa karanta jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake ne kawai, ba ta san abin da ya sami faifan ba. Kada kuma ka bari wani ya sa masa manhajar gyaran kurakurai ta Windows ko manhajar dawo da fayilolin da aka goge, domin dukansu suna tilasta wa faifai ya yi ta karatu na sa'o'i, wanda shi ne ainihin abin da muke gudu. Waɗannan manhajoji suna da amfani ga faifan da lafiyarsa ƙalau aka goge wani abu a ciki bisa kuskure. Buɗe shi a kan teburin mai gyaran waya kuwa, cikin ƙurar kasuwa, shi ne garin neman gira a rasa ido, domin ƙwayar ƙura guda ta fi tazarar nan da na ambata girma nesa ba kusa ba.

Ga masu karatu waɗanda faifansu bai taɓa faɗuwa ba amma ya daina nunawa, abin da ya kamata su fara zargi shi ne igiyar. Bakinta mai faɗin nan da ke shiga jikin faifan yana saurin sakwarkwacewa, kuma faifan da wuta ba ta isa gare shi sosai shi ma yakan yi 'yar ƙara. Su canza igiya, su canza kafar USB, su daina bi ta na'urar rarraba kafofi. Naka dai an san sanadinsa, don haka wannan gwajin ba naka ba ne.

Yanzu sai mu koma kan bikin da ba ka kai ba, domin shi ne ya fi gaggawa, kuma akwai yiwuwar ka same shi ba tare da an taɓa faifan ba. Ka tattaro duk katunan memorin da ka yi amfani da su a ranakun bikin, ka daina ɗaukar komai da su daga yau. Idan aka yi wa kati fomat a kyamara, sau da yawa jadawalin kawai ake sharewa, hotunan suna nan kwance har sai an ɗauki wasu sun hau kansu. Akwai manhaja ta kyauta mai suna PhotoRec, wadda wani Bafaranshe, Christophe Grenier, ya rubuta, da ke bin kati lungu-lungu tana tsinto hotuna da bidiyo ko da jadawalin ya tafi. Za ta dawo maka da su babu sunayensu na asali, babu folda, wasu dogayen bidiyon ma su zo a yayyanke, amma hotuna kam tana ƙoƙari a kansu ƙwarai. Sharaɗi guda shi ne abin da ta tsinto ka sauke shi a wani wuri dabam, kada ka mayar da shi kan katin da ake bincikawa. Sannan ka duba kwandon sharar kwamfutarka da foldar da manhajar tace bidiyo take ajiye kayan aikinta. Idan kwamfutar mai tsohon nau'in faifai ce, wato HDD mai faranti irin naka, abin da ka kwashe daga cikinta ma ana iya nemo shi ta wannan hanya, muddin ba ka cika ta da sabon aiki ba. Idan SSD ce a ciki, wato sabon nau'in ma'ajiya marar faranti, kada ka sa rai sosai, domin ita takan share wurin da aka goge da kanta ba da daɗewa ba. Daga nan ka tambayi wanda ya riƙe maka kyamara ta biyu, da wanda ya taya ka tacewa idan akwai, da duk wanda ka tura wa samfurin hotuna ta WhatsApp, ko da yake waɗannan an matse su, ingancinsu ya ragu.

Shi faifan kansa, aikin masu ceto bayanai ne, kuma sana'arsu dabam take da ta mai gyaran kwamfuta. Abin da suke yi shi ne su buɗe shi a ƙarƙashin na'urar tace iska, su ciro allura daga wani faifai lafiyayye irinsa sak su dasa masa, sannan su kwafe duk abin da ke kan farantin zuwa sabon faifai, kuma a kan wannan kwafin ne suke neman fayiloli. Kafin ka miƙa wa kowa, ka yi masa tambayoyi. A ina zai buɗe shi, kuma za ka iya ganin wurin? Zai fara kwafe faifan gaba ɗaya ne ko zai hau bincike a kansa kai tsaye? Nawa ne kuɗin dubawa, nawa ne na aiki, kuma me za ka biya idan ba a samu komai ba? Wanda ya ce maka ka zauna ka jira nan da awa ɗaya, ka karɓi kayanka ka yi gaba. Ka shirya wa jin kuɗin da ya ninka farashin sabon faifai sau da yawa, ka kuma sani cewa ko an biya babu tabbas. Idan faifanka na Western Digital ne ko Toshiba, yawancin ƙananan nasu bakin USB ɗin a manne yake da allon faifan, don haka dabarar nan ta ciro shi daga kwanso a sa shi a wani ba ta aiki a kansu. Wasu nau'o'in My Passport ma suna kulle bayanai da kansu a cikin allon, abin da ke ƙara wa aikin wuya. Idan na Seagate ne, ka duba kwalinsa da rasit, domin wasu daga cikin nasu suna zuwa da alkawarin ceto bayanai na wasu shekaru. Garanti na yau da kullum kuwa sabon faifai kawai yake ba ka, babu ruwansa da abin da ke cikin tsohon.

Akwai wani abu da nake so ka sa a gaba wajen zaɓen wanda za ka bai wa. Abin da ke cikin faifan nan hotunan matan mutane ne a wurin kamu da sa lalle da wunin biki, wasu a cikin ɗaki, cikin shigar da ba za su fita waje da ita ba. Sun tsaya a gaban kyamararka ne saboda an amince da kai. Duk wanda ya ceto faifan zai iya ganin komai, zai kuma iya ajiye nasa kwafin, don haka ka nemi wanda yake da ofis da suna da zai ji tsoron ɓatawa, ku rubuta yarjejeniya cewa zai goge abin da ke hannunsa bayan ka karɓa. Rasa hotunan ya fi sauƙi a kan a wayi gari a gan su suna yawo a wayoyin mutane.

Dangin amarya kuwa, ka je ka same su a makon nan, bayan ka gwada katunan, domin ka je da bayani a hannu. Kada ka aika saƙon waya, kuma kada ka shiga jan su da gobe da jibi ko cewa ana kan tacewa, domin ranar da gaskiya ta fito, ƙaryar za ta fi ɓata musu rai a kan asarar. Ka samu wanda ya ba ka aikin, ko uban amarya ne ko ango ko wata gwaggonta, ka ce masa: “Ranka ya daɗe, na'urar da na ajiye aikinku ta faɗi ta lalace. Ga abin da na samo, ga abin da nake ƙoƙarin samowa, kuma zan dawo muku da labari ranar kaza.” Ka faɗi ranar, ka kuma cika. Kai ne za ka fara kawo maganar kuɗi, kada ka jira su tambaya: idan ba a samu komai ba ka mayar musu da abin da suka biya, idan an samu rabi ku daidaita a kan rabi. Ka yi musu tayin sake ɗaukar ango da amarya cikin kayan bikinsu kyauta, ka kuma roƙi ƙawayen amarya da abokan ango su turo abin da suka ɗauka da wayoyinsu a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba, domin kada a matse shi. Da hannu mai kyau ana iya haɗa abin kallo daga irin waɗannan. Za su ji zafi, wata ma ta faɗa maka magana marar daɗi, ka haƙura ka shanye. Shi kuma yaron shago kada ka ɗora masa laifin a gabansu ko a bayansu, domin igiya kowa yana iya ja, kuma ba shi ne ya yanke shawarar tara aikin shekara uku a wuri ɗaya ba.

Wannan ya kawo mu ga tambayarka ta ƙarshe, wadda amsarta ita ce babu irin wannan faifan a kasuwa, kuma ba za a taɓa yin sa ba. Kamfanoni uku ne suka rage a duniya masu ƙera faifai mai faranti, wato Seagate da Western Digital da Toshiba. Sauran sunayen da kake gani a shaguna, irin su Transcend da LaCie, a cikin kwansonsu faifan ɗaya daga cikin ukun nan ne, LaCie ma mallakin Seagate ne. Kowannensu yana da masu yabonsa da masu tsine masa, gwargwadon wanda ya taɓa mutuwa a hannun mutum. Wani kamfanin ajiyar bayanai na Amurka, Backblaze, ya fitar da lissafi a 2013 a kan dubban faya-fayan da yake amfani da su, inda ya nuna cewa kusan ɗaya cikin biyar ba su kai shekara huɗu ba, kuma mutuwar ta fi yawa a farkon rayuwar faifai da kuma bayan ya haura shekara uku. Faya-fayan da aka ƙera daga baya sun fi waɗancan ƙarko, amma ka tuna na Backblaze a kafe suke a ɗaki mai sanyi, ba a saka su a jaka a hau babur da su zuwa ɗaurin aure.

Inda aka samu matsala a tsarinka shi ne kwashewa kake yi. Da ka zuba aiki a faifan sai ka goge na kwamfuta, ka goge na kati, ya zama kwafi ɗaya tak ya rage a duniya, kuma yana zaune a cikin na'urar da ta fi duk kayan shagonka rashin jure faɗuwa. Mutane da yawa suna yin haka suna ganin sun yi tanadi. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, shi ya yaɗa ƙa'idar da ake kira 3-2-1, kuma don 'yan sana'arku ya tsara ta: kowane aiki ya kasance yana da kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki kuma a wani gini dabam. Wannan na ƙarshen shi ne mutane suka fi rainawa, alhali faifai biyu a aljihun tebur ɗaya ɓarawo ɗaya ne yake ɗauke su. Waɗanda suka ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, wadda ta cinye dubban shaguna, ko ambaliyar da ta shafe unguwannin Maiduguri bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a Satumban 2024, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan haka.

Saboda haka idan kuɗinka na faifai ɗaya ne mai tera 4, shawarata ka sayi biyu masu tera 2, zai fi kyau ma su kasance na kamfanoni dabam-dabam, don kada aibin ƙira ɗaya ya same su tare. Ka yi lissafin girman da kake bukata daga aikinka: kyamarar da ke ɗaukar bidiyon 4K a kan megabit 100 a daƙiƙa tana cin kimanin giga 45 a awa ɗaya, wato faifai mai tera 2 zai ɗauki awa arba'in da 'yan kai. Kada ka tsorata idan ka jona sabon faifai mai tera 1 ka ga Windows ta nuna giga 931, ko mai tera 2 ta nuna 1.81, bambancin salon ƙirga ne tsakanin masu ƙerawa da kwamfuta, ba cuta ba ce. Game da SSD, irin su Samsung T7, babu abin da ke juyawa a cikinta, tana jure faɗuwa, kuma saurinta ya ninka na mai faranti sau da yawa, don haka ita ta fi dacewa da aikin da ake ɗauka a jaka ana tacewa a kai. Sai dai ta fi tsada sosai a kan kowace tera, idan ta tashi mutuwa ba ta cika yin gargaɗi ba, ceto abin da ke cikinta ya fi wuya, kuma ba a so a jefa ta a durowa shekara da shekaru babu wuta, musamman a wuri mai zafi. A ganina, SSD ta aikin yau ce, mai faranti kuma na ajiyar dogon lokaci.

Wajen saye ka buɗe ido, domin araha ba ta ado. Akwai jabun da ake tallatawa a intanet da sunan SSD mai tera 8 ko 16 a farashin da bai kai na filash mai kyau ba. Idan aka fasa su, ɗan ƙaramin katin memori ne a ciki da aka yi wa dabara yake faɗa wa kwamfuta girman ƙarya. Za ka yi ta zuba kaya yana karɓa, sunayen fayiloli suna nan reras, sai ranar da ka buɗe ka tarar babu komai a cikinsu. Akwai kuma tsohon faifan da aka ciro daga matacciyar kwamfuta aka sa masa sabon kwanso. Ka saya a shagon da zai ba ka rasit mai ɗauke da lambar jikin faifan, ka shiga shafin kamfanin ka duba lambar ko garantinta yana nan. Da ka isa gida, kafin ka ba shi amanar komai, ka buɗe shi da manhajar CrystalDiskInfo, wadda za ta nuna maka awa nawa ya taɓa yi yana aiki da kuma ko yana da wuraren da suka lalace. Sabon faifai bai kamata ya nuna ɗaruruwan awoyi ba, ko da yake masu ha'inci suna iya share wannan lissafin. Sannan ka sa masa manhajar H2testw, wadda take cika faifan taf da bayanai ta sake karanta su. A kan tera 2 za ta iya cin yini guda, amma tana tona asirin jabu, tana kuma fito da aibin da sabon faifai ya zo da shi tun kana iya mayar wa mai shago. Na hannu kuwa, ko tokumbo ne ko na aboki, bai dace da ajiyar kayan mutane ba.

Batun nau'in fomat, wato tsarin da faifai yake bi wajen jera fayiloli, gajere ne. Idan Windows kaɗai kake amfani da ita, ka bar shi a NTFS, wanda ya fi jure ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki. Idan kana kai aiki wurin mai kwamfutar Mac, exFAT ne dukansu biyu suke karantawa su rubuta. FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce giga 4, don haka ba na mai bidiyo ba ne. Ka kuma riƙa jonawa a kafar USB 3, mai shuɗin harshe a yawancin kwamfutoci, inda tera 1 ke ɗaukar kimanin awa uku, maimakon awa takwas ko fiye a tsohuwar kafa.

Ga yadda nake ganin aikin zai riƙa tafiya. Daren da ka dawo daga biki, ka sauke katunan a kwamfuta, ka kwafa zuwa faifai na farko, ka buɗe wasu hotuna da bidiyo daga cikin faifan ka tabbatar suna buɗewa har ƙarshe. Katin kuma ba za a yi masa fomat ba sai aikin ya shiga faifai na biyu, wanda ke nufin ka ƙara sayen kati biyu ko uku don kada ƙarancinsu ya sa ka gaggawa a lokacin da bukukuwa suka yi yawa, kamar bayan Sallah. Faifai na biyu a gida zai zauna. Ka ware rana ɗaya a mako, ka zo da shi, ka zuba masa sabon aiki, ka mayar da shi a ranar. Manhajar FreeFileSync, ita ma kyauta, tana kwatanta faifai biyu ta kwafe abin da ya ƙaru kawai, sai dai ka lura da zaɓin da ka yi mata, domin akwai wanda idan ka goge abu a nan zai goge shi a can. Idan an gama kwafa, ka sallami faifan ta hanyar umarnin cirewa, ka jira fitilarsa ta daina ƙiftawa, sannan ka zare. Kada ka bar shi jone dare da rana, saboda akwai ƙwayoyin cutar kwamfuta masu kulle fayiloli su nemi kuɗin fansa, kuma duk faifan da suka tarar a jone suna haɗawa da shi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi addabar ƙananan masu sana'a, STOP/Djvu, ta cikin manhajojin sata take shigowa, irin waɗanda ake saukewa don a tace hoto da bidiyo ba tare da an biya ba, kuma na san ba sai na ce komai a kan wannan ba. Haka nan faifan ajiya ba ya zuwa shagon buga takardu ko ɗakin wanke hoto. Abin da za a buga a sa shi a filash.

Wurin ajiye shi yayin aiki shi ne tsakiyar tebur, a kwance, igiyar ba ta ratsa hanyar wucewa ba, kuma ba a ɗaga shi yana juyawa. Ka nisanta shi daga teburin da janareta ko babbar lasifika ke girgizawa. Zafin watan Afrilu a ƙasarmu yakan haura digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa, don haka kada ka bar shi a mota ko a ƙarƙashin kujerar babur, kuma idan ya yi zafi a hannu yayin doguwar kwafa ka sa masa fanka.

Kwafi na uku a intanet ya fi dacewa, amma na san tsadar data ba za ta bar ka ka ɗora ɗanyen bidiyo ba. Ka ɗora abin da aka gama tacewa da zaɓaɓɓun hotuna kawai. Google yana ba da giga 15 kyauta, wanda Gmail da Drive da Photos suke rabawa, OneDrive na Microsoft kuma giga 5. Abin da ya wuce haka sai da biyan kuɗi duk wata ko duk shekara, kuma wannan kuɗin ya kamata ya shiga cikin farashin da kake yanka wa masu biki, tare da na faya-fayan. Ka sani kuma tun daga Disambar 2023 Google yana iya goge asusun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba. Faifan da kake yawo da shi ka kulle shi da kalmar sirri, ta BitLocker idan Windows ɗinka Pro ce, ko ta VeraCrypt, saboda ranar da zai ɓace a mota. Ka rubuta kalmar a takarda ka ajiye a gida, domin idan ka manta ta babu mai iya buɗe maka.

Abu na ƙarshe shi ne ka rage nauyin da kake ɗauka. Ba wajibi ba ne ka zama ma'ajin bikin kowa har abada. Duk wanda ka kai wa aikinsa, ka ba shi a filash mai kyau, ka gaya masa ya kwafa a wani wuri, ka kuma rubuta a rasit cewa za ka riƙe naka kwafin na shekara ɗaya ko biyu, daga nan ka goge. Su kuma faya-fayan, ka manna wa kowanne takarda mai ɗauke da watan da ka saye shi, ka riƙa duba lafiyarsu da CrystalDiskInfo duk bayan wata uku, kuma wanda ya kai shekara huɗu ko ya fara nuna alamar gargaɗi mai launin rawaya, ka sayi madadinsa ka kwashe kayan tun yana karantuwa.